Ba A Cin Iri: Darasi Daga Kunkurun Bahar Maliya

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:6-7, Zabura 104:24-28, Galatiyawa 6:7-10

Idan kai manomi ne a Haj Abdalla, ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke bakin Shuɗin Nilu tsakanin Wad Madani da Sinnar, to, ka san akwai buhu guda a cikin gida wanda ba a taɓawa. Dawa ce irin sauran dawa. Da za a niƙa ta, da ta yi tuwo mai daɗi. Amma ko rumbu ya kusa ƙarewa, maigida mai hankali yakan ɗaure bakin buhun nan ya ce, wannan iri ne. Maƙwabtanmu Larabawa suna kiransa tirab. Wanda ya ci shi zai ƙoshi yau, amma ranar da ruwan shuka ya sauka, zai tsaya a bakin gona hannu wofi.

Darasinmu na yau a kan wani irin iri ne dabam, wanda ba a cikin buhu yake ba. A cikin yashi yake, a bakin teku da bakin kogi. Za mu yi nazarin kunkurun teku, da yashin da uwar take binne ƙwanta a ciki. Wataƙila ba ka taɓa ganin teku ba. Kada wannan ya sa ka rufe littafin. Kafin mu gama, za ka ga maganar ta iso har bakin kogin da ake ɗibar maka ruwa.

Dokar sheƙar tsuntsu

Ka buɗe Maimaitawar Shari'a sura 22, ka karanta aya ta 6 da ta 7. A tsakiyar manyan dokoki, Ubangiji ya tsaya a kan wani ƙaramin abu. Mutum ne yana tafiya a hanya, sai ya tarar da sheƙar tsuntsu a kan itace ko a ƙasa, uwar tana kwance a kan ƙwai ko 'yan tsaki. Ba shi ya yi kiwonta ba, ba ta kuwa da mai ita a cikin mutane. Ba mai ganinsa. Da hannu ɗaya zai iya kwashe duka. Amma dokar ta ja masa iyaka. An yarda masa ya amfana da abin da ke cikin sheƙar, ba a yarda masa ya haɗa da uwar ba.

Ka lura da abu biyu. Na fari, Allah bai hana mutum ci daga abin da ya halitta ba. Abin da ya hana shi ne a ci har a kashe tushen. Uwar da aka saki za ta sake yin sheƙa, wani matafiyi kuma zai samu a baɗi. Na biyu, ka dubi alkawarin da aka ɗaura wa dokar, wato zaman lafiya da tsawon kwana. Idan ka koma sura 5 aya ta 16, za ka tarar shi ne alkawarin da ke tare da girmama uwa da uba. Ashe, a wurin Allah, yadda ka bi da uwar tsuntsu a inda ba kowa yana da nasaba da daɗewar zuriyarka a ƙasa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Uwar ba ta tashi ta gudu ba domin tana tsaron 'ya'yanta. Ƙaunarta ce ta sa ta zama da sauƙin kamu. Wanda ya yi amfani da wannan ya kama ta, ya mai da abin kirki tarko ke nan. Ka riƙe wannan a zuciya, gama haka uwar kunkuru take a daren da ta fito daga ruwa.

Tekun da kakanni suka ƙetare

Hausawan Jazira da na Shuɗin Nilu ba baƙin Bahar Maliya ba ne. Kakannin da yawa daga cikinsu sun baro Kano da Sakkwato da Katsina a ƙafa, fuskarsu tana gabas. Waɗansu sun zo ne bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, tare da Muhammadu Bello Maiwurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda garin Maiwurno kusa da Sinnar yake ɗauke da sunansa. Masu niyyar Makka sukan yi ƙwadago a gonakin auduga har su tara guzuri, sa'an nan su nufi Sawakin, su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. A gaban Sawakin akwai tarin ƙananan tsibirai na yashi da murjani, ba gida, ba rijiya. A nan ne kunkurun teku yake ƙwai tun kafin a gina Sawakin. A shekarar 1980 waɗansu masana biyu, Hirth da Abdel Latif, suka buga rahoton abin da suka gani a ɗaya daga cikinsu, tsibirin Seil Ada Kebir, inda uwayen kunkuru suke fitowa da dare.

Gaɓar tekun Sudan ta fi kilomita 700. Kimanin kilomita 125 arewa da Bur Sudan, wato Port Sudan, akwai mashigin Dungunab da tsibirin Mukawwar. Masu bincike suna lissafa yashin Mukawwar cikin wurare mafi muhimmanci da kunkuru ke ƙwai a Bahar Maliya duka. A ruwan nan kuma akwai wata dabba 'yar'uwar ayu, mai kiwo a ciyawar ƙarƙashin teku. Gwamnatin Sudan ta keɓe wurin a shekarar 2004, bayan ta riga ta keɓe dutsen murjani na Sanganeb a 1990. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa su biyun cikin wuraren gado na duniya.

A duniya duka nau'in kunkurun teku bakwai ne. An ga biyar a Bahar Maliya, amma biyu ne suka saba yin ƙwai a bakinta. Na ɗaya shi ne koren kunkuru. Ba bayansa ne kore ba, kitsensa ne, saboda ciyawar teku da yake ci. Babba yakan fi kilo 100. Na biyu shi ne mai bakin shaho, wanda ya fi ƙanƙanta, bakinsa a lanƙwashe, yana kiwo a tsakanin murjani. Kowannensu da aikin da aka ba shi. Koren yana datse ciyawar teku kamar yadda tumaki ke datse makiyaya, sai ta yi sabon toho, ƙananan kifi su sami wurin girma. Mai bakin shaho yana cin soson teku, wanda in ya yi yawa yakan danne murjani. Murjanin kuwa shi ne gidan kifin da masunta ke kamawa. Zabura 104 ta yi maganar teku mai faɗi cike da masu rai manya da ƙanana, dukansu suna sa ido ga Mahaliccinsu domin abinci. Waɗannan biyu suna cikin lissafin.

Daren da uwa ta fito

Kunkurun teku a ruwa yake rayuwarsa duka. Namijin ba ya da abin da zai kawo shi tudu. Macen kaɗai take fitowa, domin ƙwai. A cikin ruwa tana da sauri, amma a kan yashi jan ciki take yi da ƙyar, tana hutawa tana numfashi. Takan jira dare. Sai ta hau har inda igiyar ruwa ba ta kaiwa, ta share wuri da hannuwanta na gaba, ta haƙa rami mai zurfin kamu guda ko fiye da ƙafafunta na baya. A ciki take zuba ƙwai wajen ɗari, farare, kewayayyu, masu taushin ɓawo. Ta rufe, ta watsa yashi domin ta ɓad da sawu, ta koma ruwa. Aikin yakan ci sa'a biyu ko fiye. A cikin wannan lokaci ba ta iya gudu, ba ta iya faɗa.

Bayan kamar mako biyu takan dawo ta sake wani rami, har sau uku ko huɗu ko fiye a shekarar. Daga nan sai ta tafi, ba za a sake ganinta a yashin ba sai bayan shekara biyu zuwa huɗu. Ba ta kwanciya a kan ƙwai kamar kaza. Ta bar wa yashi amana. Zafin yashi ne yake ƙyanƙyashe su cikin kamar wata biyu. Zafin nan kuma shi yake raba maza da mata. A wajen digiri 29 sukan fito rabi da rabi. Idan yashin ya fi haka zafi, mata sun fi yawa. Idan ya fi sanyi, maza.

'Ya'yan sukan fito tare, yawanci da dare, kowanne bai cika tafin hannu ba. Ba uwa da za ta nuna musu hanya. Sukan nufi inda sararin sama ya fi haske, a bakin tekun da ba fitila kuwa wajen ruwa ke nan. A hanya ƙaguwa tana jira, tsuntsaye suna jira, a ruwa kifi yana jira. Masana sun kimanta cewa wajen ɗaya cikin dubu ne yake kai girma. Wadda ta tsira za ta yi shekara ashirin, ko talatin, ko fiye, kafin ta isa yin ƙwai. Sa'an nan, ko da ta yi kiwo a nisan ɗaruruwan kilomita, sai ta juyo ta nemi yankin da aka ƙyanƙyashe ta. Bincike ya nuna tana gane hanya ne da ƙarfin maganaɗisun ƙasa. Idan ta iso ta tarar an kwashe yashin ko an zuba siminti, ba ta da hanyar kai ƙara.

Ɓarnar da ba ta nuna kanta da wuri

A nan ne zuciyar darasinmu take. Manomin da ya ci iri yakan ga sakamako cikin wata shida. Amma garin da ya ci ƙwan kunkuru ba zai ga kome ba har shekara ashirin ko talatin. Tsofaffin uwaye za su ci gaba da zuwa. Kowa zai ce, ai ga su nan, ba su ragu ba. Ba wanda yake ganin cewa babu 'yan mata a bayansu. Sai ranar da tsofaffin suka ƙare, yashin ya yi tsit.

Haka ya faru a Rantau Abang, a ƙasar Maleshiya. A shekarar 1956 an ƙirga ramukan ƙwai wajen 10,000 na kunkuru mai bayan fata, wanda ya fi kowane kunkuru girma. Mutanen wurin ba su cika yanka uwayen ba. Ƙwai suke kwashewa, kusan duka, shekara bayan shekara, suna sayarwa a kasuwa. Ragar masunta ma ta ci nata rabo a teku. Sa'ad da aka hana sayar da ƙwan a ƙarshen shekarun 1980, lokaci ya riga ya ƙure. Bayan shekarar 2000 ramukan sun koma 'yan kaɗan ƙwarai a shekara, wata shekara ma ko ɗaya babu.

Wannan ya koya mana yadda za mu karanta dokar sheƙar tsuntsu. Wani zai ce, ai an yarda a ɗauki ƙwai, uwa kaɗai aka hana. Gaskiya ne. Amma mutumin da dokar ta yi maganarsa matafiyi ne da ya ci karo da sheƙa guda. Ba wanda ya bi kowace sheƙa a ƙasar da buhu ba ne. Nufin dokar shi ne kada zuriyar ta yanke. Inda uwaye suka rage kaɗan, ɗaya cikin dubu kuma yake tsira, ƙwan kansa ya zama iri.

Jinkirin nan yana aiki ta wajen alheri ma. A Rancho Nuevo, a ƙasar Meziko, an ɗauki hoton fim a shekarar 1947 wanda daga gare shi aka kimanta uwaye 40,000 sun fito ƙwai a yini guda. Masu kwasar ƙwai da jiragen kamun jatan lande suka yi musu ƙaƙaf. A 1966 gwamnati ta sa masu tsaro a bakin tekun. Ka san abin da ya biyo baya? Adadin ya ci gaba da faɗuwa har shekara goma sha tara. A 1985 ramuka 702 kaɗai aka samu. Ka yi tunanin mai gadin da ya yi ta kwana a yashi duk shekarun nan, kowace shekara lissafin yana raguwa. Da ya ce aikin banza ne, wa zai ga laifinsa? Amma 'ya'yan da ya tsare suna girma a inda ba ya gani. A shekarar 2012 an ƙirga ramuka fiye da 20,000.

A tsibirin Aldabra na ƙasar Seshels an hana kama koren kunkuru a 1968, lokacin da ramukan ba su wuce 2,000 zuwa 3,000 a shekara ba. Bayan shekara hamsin sun haura 15,000. A watan Oktoba na 2025 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari, IUCN, ta cire koren kunkuru daga jerin masu fuskantar ƙarewa, bayan ya yi fiye da shekara arba'in a ciki. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara tsaron ba su rayu sun ji labarin ba. Ka karanta Galatiyawa 6:9 da wannan a ranka. Manzo Bulus ya san cewa abin da yake karya mai aikin kirki shi ne nisan da ke tsakanin shuka da girbi.

Abin da ke cinye irin a yau

Mai bakin shaho bai fita daga haɗari ba. Tun 1996 yana cikin jerin waɗanda suke bakin ƙarewa. Kyansa ne ya jawo masa. Ɓawon bayansa yana da zane ruwan zuma da baƙi, ana yin mataji da awarwaro da kwalliya da shi. Cinikin tsoho ne ƙwarai. Wani littafin jagoran fatake da aka rubuta da Helenanci a ƙarni na fari bayan haihuwar Almasihu ya lissafa ɓawon kunkuru cikin hajar da ake ɗauka daga tashoshin wannan gaɓa ta Bahar Maliya. A shekarar 1977 yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, amma har yanzu ana yi a ɓoye.

Akwai kuma raga. Kunkuru iska yake shaƙa kamar ni da kai. Idan taru ya riƙe shi a ƙarƙashin ruwa, sai ya nutse. Akwai leda, wadda in tana yawo a ruwa yakan ɗauka abinci ce, ya haɗiye, ta toshe masa hanji. Akwai fitila. Ƙwan lantarki guda a bayan yashi ya isa ya juya 'ya'yan rami guda su nufi tudu, inda rana da karnuka za su gama da su. Akwai gine-gine. A Ras Baridi, kusa da Yanbu a ƙasar Saudiyya, an ga ƙurar siminti ta daskarar da yashi har 'ya'yan suka kasa fasa shi su fito. Ga kuma zafin duniya da ke ƙaruwa. Wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna cewa a arewacin babban dutsen murjani na Ostareliya, fiye da 99 cikin 100 na ƙananan koren kunkuru mata ne.

Gargaɗi guda kuma domin lafiyar gidanka. Naman kunkurun teku wani lokaci yana ɗauke da dafi wanda dafuwa ba ta kashewa, ba a kuwa gane shi da ido. A tsibirin Pemba na Zanzibar, a watan Maris na 2024, yara takwas da babba guda suka mutu bayan sun ci, mutum 78 suka kwanta asibiti. Idan gudun hijira ko neman aiki ya kai ka bakin teku, aka miƙo maka naman nan da araha, ka tuna da yaran Pemba.

Kififiya a ƙofar gidanka

Yanzu bari mu dawo Haj Abdalla. Kogin Nilu yana da nasa kunkurun ruwa, wato kififiya, mai taushin baya da dogon hanci. Babba takan kusa kai mita guda. Tana iya zama a ruwan gishiri ma, gama ana samunta har a gaɓar Bahar Rum. Ita ma a yashi take binne ƙwanta, gommai a rami guda, sa'ad da ruwa ya janye tudun yashi ya fito. Ita ma tana cikin jerin halittun da ke raguwa, a Nilun Masar kuwa ta yi ƙaranci ƙwarai. Wata 'yar'uwarta ta yi shekaru masana ba su sa ta a ido ba, har waɗansu suka fid da zuciya, sai a 2017 aka sake samunta a Farin Nilu, a Sudan ta Kudu.

Ka tambayi tsofaffin masunta ko kififiyar da suke gani yanzu ta kai ta zamanin ƙuruciyarsu. Ka saurari amsarsu da kyau. Kogin kansa ya sake hali. An gama madatsar Sinnar a 1925, ta Rusairis a 1966, aka ƙara mata tsawo a 2013. Babbar madatsar Habasha ta fara tara ruwa a 2020, aka buɗe ta a watan Satumba na 2025. Madatsa tana riƙe laka da yashi a bayanta, tana kuma sauya lokacin cikar kogi da janyewarsa. Tudun yashin da ya rage kuwa, masu ɗibar yashin gini suna so, masu gasa bulo suna so, mai lambu yana so, shanu suna bi ta kai. Guza da kare suna tonon ƙwai, yara ma suna tono. Ba kai ka gina madatsa ba, ba ka da iko a kanta. Amma ramin da ke gefen lambunka yana hannunka.

To, mai jin yunwa fa?

Dole mu yi wannan tambaya da gaskiya. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya shigo Jazira a Disamba na shekarar, sa'ad da Wad Madani ta faɗi, sai a Janairu na 2025 sojoji suka karɓe ta. Mutane sun bar gonaki, an wawashe rumbuna, waɗansu sun ci irinsu domin ba yadda za su yi. Wanda 'ya'yansa suka kwana biyu ba abinci, ya tarar da ramin ƙwai, ba za mu tsaya a kansa da sanda ba. Ran mutum ya fi na kunkuru daraja, Yesu da kansa ya faɗi irin wannan game da tsuntsaye a Matiyu sura 10. Amma a wurin nan kuma ya nuna cewa ko ɗan tsuntsun da ba shi da kuɗi a kasuwa, Uba bai manta da shi ba.

Saboda haka nauyin ba a kan mayunwaci kaɗai yake ba. Yana kan mai ƙoshi. Shari'ar da ta ce a saki uwar tsuntsu, ita ce kuma ta ce a bar wa matalauci kalar gona. Ba a raba su. Idan kana so maƙwabcinka ya bar ramin ƙwai, ka auna masa mudu daga rumbunka. A Watamu, a gaɓar Kenya, an gane wannan. Tun 1998 akwai shirin da idan kunkuru ya faɗa ragar masunci, yakan kira a zo a sake shi, a ba masuncin ɗan abin da zai rage asarar ragarsa da lokacinsa. Ta haka an mai da kunkuru teku fiye da sau 20,000. Masuncin da dā yake yankawa, shi ne ya zama mai tsaro.

Ka kuma bambanta yunwa da kwaɗayi. Yawancin ƙwan da ake kwashewa a duniya ba domin ceton rai ba ne. Domin kasuwa ne, ko marmari, ko camfin cewa yana ƙara ƙarfin namiji. Yawancin ramukan da yara ke tonewa kuwa, wasa ne kawai, domin ba wanda ya taɓa ce musu su bari.

Abin da za ka iya yi

Idan kai masunci ne, kififiya ko kunkuru ya faɗa komarka da rai, ka sake shi, musamman mace a lokacin ƙwai. Kada ka bar raga ta kwana biyu a ruwa ba dubawa, kada kuma ka jefa tsohuwar raga a kogi, gama takan ci gaba da kamu ba mai ita.

Idan kana da lambu a bakin kogi, ka ga sawu ya hau yashi ya koma, ka bar wurin har wata biyu ko uku. Ka kewaye shi da ƙaya saboda dabbobi, amma ka bar hanya ta wajen ruwa. Ku yi shawara da masu ɗibar yashi da dattawan gari a keɓe ko da tudu guda.

Idan ke uwa ce, ko kai malamin makarantar Lahadi ne, ku kai yara su ga sawun, ku faɗa musu shekarun da uwar ta yi kafin ta zo. Yaron da ya sani yakan zama mai gadi.

Idan kana bakin teku, kada ka sayi ƙwai, ko nama, ko abin ado na ɓawon kunkuru. Ka ga uwa a yashi, ka tsaya nesa ta bayanta, ka kashe tocila, ka yi shiru. Ledarka kuma, kada ta shiga magudana.

Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, ɗiyar kunkurun da ta shiga ruwa a daren yau ba za ta dawo ba sai jaririn da ke goye ya yi nasa iyali. Mai yiwuwa ba za ka kasance a nan ba. Ba wanda zai rubuta sunanka. Amma Luka 16:10 ta koya mana cewa a ƙaramin abu ake gane mai aminci, Allah kuwa yana ganin abin da mutum ya yi a hanya shi kaɗai, sheƙa tana gabansa.

Tambayoyi domin nazari

1. Me ya sa aka ɗaura wa dokar sheƙar tsuntsu alkawari iri ɗaya da na girmama iyaye?
2. Mutanen Rantau Abang sun bar uwaye da rai, duk da haka kunkurunsu ya ƙare. Ina kuskuren yake?
3. Ban da kififiya, wane iri ne ake ci a garinku wanda jikoki za su nema su rasa? Ka yi tunanin itatuwa, da ƙananan kifi, da tarbiyyar yara.
4. Wane maƙwabci ne za ka taimaka wa a wannan mako domin kada yunwa ta tilasta masa ya ci nasa iri?

Addu'a

Ya Ubangiji Mahaliccin teku da kogi, mun gode maka domin kowane mai rai da ka yi. Ka ba mu zuciyar da ta san iyaka. Ka ƙosar da mayunwata a Jazira da dukan Sudan, ka kawo salama a ƙasar. Ka ƙarfafa masu tsaron abin da ba za su ga girbinsa ba, ka sa mu bar wa jikokinmu kogi da teku masu rai. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.